Farashin da Uwar Kuɗi ke Dawowa: Daga Kafin Alƙalamin Masara a Dapaong Zuwa Cinikin Zaɓi a Shikago

Ɗan kasuwar hatsi da ya daɗe a harka ba ya fara lissafi da riba. Tambayar farko da yake yi wa kansa ita ce, a kan nawa zan sayar kuɗina su fito? Sai ya san wannan adadi sannan ya taya kaya. A 'yan shekarun nan wata irin kasuwa ta shigo aljihun matasa ta wayar hannu, daga Lome har Sokode da Dapaong, inda ake saye da sayar da abin da masu harkar ke kira ofshin, wato kwantiragin zaɓi a kan hannun jari. Masu tallarsa ba sa gajiya da maganar ninka kuɗi cikin mako guda, amma da wuya ka ji ɗayansu ya ambaci farashin da uwar kuɗi ke dawowa a kansa. Alhali lissafin ba shi da wuya, kuma duk wanda ya taɓa ba da kafin alƙalami a kan buhun masara ya riga ya san rabinsa.

Mu fara da rabin da aka sani. A ce wani Alhaji daga unguwar Didawure a Sokode ya hau mota ya yi arewa zuwa Dapaong a watan Disamba, an gama kaka, hatsi ya cika kasuwa. Dillali ya haɗa shi da mai sito da ke da masara buhu 100. Alhaji ya zura hannu cikin buhu, ya ɗebo, ya ciza ƙwaya ya ji ta bushe ƙayau, ya taya. Mai kaya ya ce albarka, aka ƙara, aka ja, daga ƙarshe ya ce, "To Alhaji, na sallama a 22,000, amma ka ajiye mini wani abu." Alhaji ba shi da cikakken kuɗi a hannu, sai ya ƙirga sefa 3,000 a kan kowane buhu, 300,000 ke nan, a kan zai dawo da ciko a ƙarshen Maris. Sharaɗin da aka yi a gaban dillali shi ne, idan ya dawo, abin da ya ajiye yana cikin farashi, ciko 19,000 kawai zai bayar. Idan bai dawo ba, kuɗin sun zama na mai kaya. Waɗannan adadi misali ne, kowa ya sa na kasuwarsa.

Ƙarshen Maris ya zo. Idan buhu ya kai 25,000, babu dogon tunani: Alhaji ya biya ciko ya kwashi kaya, ya ci 3,000 a kan kowane buhu. Idan ya faɗo 17,000, nan ma a fili take. Biyan 19,000 a kan abin da ake samu a 17,000 ƙarin asara ne a kan asara, don haka ta fuskar kuɗi tsagwaronsu gara ya haƙura da abin da ya ajiye. Inda maganar take da daɗin dubawa shi ne idan buhu ya tsaya a 20,000. Alhaji ya faɗi, domin kayan da ya ɗauka a 22,000 ga su a 20,000. To amma idan ya yi fushi ya bar kayan, asararsa 3,000 ce. Idan ya daure ya biya ciko ya sayar, asararsa 2,000 ce. Ashe cika cinikin ya fi masa, ko da yake faɗuwa ce.

Ke nan adadi biyu ne a cikin ciniki ɗaya. Akwai 19,000, wanda daga samansa ya kamata a cika ciniki. Akwai kuma 22,000, wanda sai an kai shi uwar kuɗi ke dawowa. Abin da ke tsakaninsu shi ne ke rikita mutane, kuma rikicewar iri biyu ce. Wani ya ga kasuwa ba ta kai farashinsa ba, sai ya watsar da kayan da ya kamata ya karɓa. Wani kuma, wanda ya fi yawa, ya biya 19,000 ya sayar a 21,000, ya koma gida yana murna ya ci dubu biyu-biyu, ya manta da 3,000 da ya bari tun Disamba. Kuɗin da suka daɗe da fita daga aljihu su ne aka fi mantawa da su a lissafi.

Kuma duk wannan idan a Dapaong zai sayar ne. Idan Lome ya nufa da kayan, tafiyar fiye da kilomita 600 a kan babbar hanya mai lamba ɗaya, sai a ɗora kuɗin mota, da na 'yan dako a lodi da sauke, da la'adar dillali, da sabon buhu a madadin wanda ya yage, da abin da ake rabawa a shingaye. A ce duka sun tashi 3,000 a buhu. Adadin biyu sun matsa tare ke nan: sai masara ta kai 25,000 a Lome kuɗinsa su fito, sai kuma ta haura 22,000 a can tafiyar ta fi fasawa. Waɗannan kuɗaɗen ba sa zama wuri ɗaya. Yankin Savanes, wanda Dapaong ce hedikwatarsa, ya shiga ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ta tsaro a watan Yunin 2022. Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023, manyan motoci da yawa masu zuwa Yamai daga tashar jiragen ruwan Lome suka koma bi ta Sinkase da Burkina Faso. Duk abin da ya taɓa hanya sai ya taɓa kuɗin mota, wanda kuwa ya yi lissafi da kuɗin motar bara zai sha mamaki. Kakanninmu fatake da suka riƙa ratsa ƙasar Kotokoli daga Kano zuwa Salaga neman goro sun san haka tun kafin a zana taswirar Togo: madugu ba ya ƙirga kuɗin goro kaɗai, har da kuɗin fito, da gaisuwar sarakunan hanya, da jakin da zai mutu, da goron da zai lalace kafin a iso gida.

Kwantiragin zaɓi ɗan'uwan wannan cinikin ne na jini. Mutum yana biyan wani kuɗi yau, mu kira shi kuɗin zaɓi, domin ya sami damar sayen hannun jari a kan ƙayyadadden farashi kafin wata rana da aka yanka. Dama ce ya saya, ba tilas ba. Wannan shi ne zaɓin saye. Akwai kishiyarsa, zaɓin sayarwa, inda mutum ke biya domin ya sami damar sayar da hannun jari a kan ƙayyadadden farashi, ko da kasuwa ta karye. Dabarar tsohuwa ce. Aristotil ya ba da labarin masanin nan Thales na Miletus, wanda ya hango za a yi albarkar zaitun, sai ya ba da ɗan kuɗi tun da sauran lokaci ya kama matsun mai na yankin, da kaka ta zo ya ba da hayarsu yadda ya ga dama. Amma kasuwar zamani, mai kwantiragi iri ɗaya da hukumar da ke tsaya wa kowane ɓangare, an buɗe ta ne a Shikago ranar 26 ga Afrilun 1973. A wannan shekarar ce kuma Fischer Black da Myron Scholes suka wallafa lissafinsu na ƙiyasta kuɗin zaɓi, aikin da ya sa aka ba Scholes da Robert Merton lambar Nobel a 1997, bayan Black ya rasu a 1995.

Bambancin da ke tsakaninsa da kafin alƙalami wajen lissafi guda ne. Kafin alƙalami yana shiga cikin farashi, kuɗin zaɓi kuwa a kan farashi ake ɗora shi. Da za a rubuta cinikin Alhaji irin yadda ake yi a Shikago, sai a ce ƙayyadadden farashi 19,000 ne, kuɗin zaɓi 3,000. A haɗa su, 22,000. Wannan ita ce ƙa'idar gaba ɗaya: a zaɓin saye, ƙayyadadden farashi a tara da kuɗin zaɓi. A zaɓin sayarwa, ƙayyadadden farashi a ɗebe kuɗin zaɓi. Sauran duk ƙari ne a kan wannan.

Ga shi a aikace. Hannun jarin wani kamfani yana kan dalar Amurka 100. Wani matashi a Sokode ya ga alamar zai tashi, sai ya sayi zaɓin saye mai ƙayyadadden farashi na dala 105, wa'adin wata guda, kuɗin zaɓi dala 3. Abin da sabon shiga ke fara tuntuɓe da shi: wannan 3 ɗin na hannun jari ɗaya ne, kwantiragi guda kuwa a Amurka hannun jari 100 ne, don haka dala 300 zai biya. Uwar kuɗinsa tana dawowa a 108. Wato sai hannun jarin ya tashi da kashi 8 cikin ɗari cikin wata guda kafin ya tashi ba ci ba faɗuwa. A ce ranar cikar wa'adi ya kai 107. Hasashen yaron ya yi daidai, jari ya tashi, wanda ya sayi hannun jarin kansa ya ci kashi 7 cikin ɗari. Shi kuwa mai zaɓi, damarsa ta saya a 105 abin da ke 107 darajarta dala 2 ce, 200 ke nan a kwantiragi. Ya sa 300 ya karɓi 200, sulusin kuɗinsa ya tafi. Idan kuma ya tsaya a 104, nan ma tashi ya yi, amma zaɓin ya zama takardar banza, 300 ɗin duka sun tafi. A wannan kasuwa sanin inda farashi ya dosa bai isa ba. Sai ka san nisan da zai yi, ka kuma san ranar da zai isa.

Wannan 108 ɗin ma na mutumin Shikago ne. Na Sokode da sefa yake ci, da sefa zai ƙirga. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, amma da dala hawa da sauka take yi. A Satumban 2022 dala ta haura sefa 670, a tsakiyar 2025 ta sauko ƙasa da 570. A ce ya sayi dalarsa a 600: dala 300 ta ci sefa 180,000, aka caje shi kashi 2 cikin ɗari kuɗin turawa, 183,600. Ranar dawo da kuɗi dala tana 560, za a kuma sake cire kashi 2. Domin 183,600 ɗinsa su dawo cif, sai ya fito daga kasuwa da kimanin dala 335. Farashin fitarsa ya koma 108.35 ke nan, ba a ma sa kamashon dillali ba. Akwai kuma wani yanka da ba a rubutawa a rasit: a kowane lokaci farashi biyu ne a allo, wanda za a sayar maka da wanda za a saya daga hannunka. Idan ka saya a 3.10 alhali masu saye 2.90 suke tayawa, ka yi asarar dala 20 a kwantiragi tun kafin ka ajiye wayar.

Zaɓin sayarwa juyin wannan ne. Hannun jari yana 100, ka sayi damar sayarwa a 95 da dala 2, kuɗinka ba sa fitowa sai ya faɗo 93. Masu haɗa zaɓi biyu ko fiye suna ba haɗe-haɗensu sunaye masu ban tsoro, amma hanyar ɗaya ce: a tara duk abin da aka biya, a ɗebe duk abin da aka karɓa, saura a ɗora ko a cire daga ƙayyadadden farashi. Wanda ya sayi zaɓin saye na 105 da dala 3, ya kuma sayar wa wani da na 110 ya karɓi dala 1, dala 2 ya kashe, fitarsa ta sauko 107, amma ribarsa ba za ta wuce dala 3 ba ko jarin ya kai sama. Wanda ya sayi zaɓin saye da na sayarwa tare a kan 100, kowanne dala 4, ƙofofin fita biyu gare shi, 108 da 92, duk abin da ke tsakani asara ce. Wanda yake da hannun jarin da ya saya a 100, ya sayar da zaɓin saye na 105 a kansa ya karɓi 3, ya sauko da uwar kuɗinsa zuwa 97, a madadin haka ya yafe duk tashin da ya wuce 105.

Abin da ya kamata a daɗe ana kallo shi ne mutumin da ke ɗaya ɓangaren. Kowane zaɓi da aka saya, wani ne ya sayar, kuma 108 ɗin nan ita ce iyakarsa shi ma: ƙasa da ita shi ke ci, sama da ita shi ke biya. Babu wata riba da ke faɗowa daga sama, abin da ɗaya ya ci daga aljihun ɗayan ya fito, dillalai kuma sun yanki nasu a tsakani. To wane ne a can? Galibi manyan kamfanoni ne masu kwamfutoci da ma'aikatan da ba su da wani aiki sai wannan. Ba su sa kuɗin zaɓi a dala 3 da ka ba. Sun duba yadda hannun jarin ya saba tsalle, da kwanakin da suka rage, da kuɗin ruwa, suka sa farashin da zai tura ƙofar fitarka can inda suke ganin ba kasafai za a kai ba. Duk lokacin da kowa ke sa ran babban motsi, misali daf da ranar da kamfani zai bayyana ribarsa, kuɗin zaɓi sai ya yi tsada, ƙofar ta ƙara nisa. Mai sito a Dapaong ma haka yake yi: ya san hatsi na tsada idan damina ta kankama rumbuna sun yi ƙasa, ba zai sallama maka kayan Yuli a farashin Disamba ba. Labarin da kowa ya sani ya riga ya shiga farashi. Wannan ba ya nufin mai sayar da zaɓi a inuwa yake kullum. Ribarsa ba ta wuce abin da ya karɓa, asararsa kuwa ba ta da rufi idan ba shi da hannun jarin a hannu. A Janairun 2021 hannun jarin GameStop ya tashi daga ƙasa da dala 20 zuwa sama da 480 cikin makonni kaɗan, waɗanda suka yi caca a kan ba zai tashi ba suka ji a jikinsu.

Wani abin da ake yawan kuskurewa: ƙa'idar tarawa da ɗebewa ta ranar cikar wa'adi ce kawai. Kafin ranar, ana iya sayar da zaɓin kansa a kasuwa, kuma a lokacin darajarsa ta ƙunshi kwanakin da suka rage. Idan hannun jarin ya yi tsalle zuwa 104 a kwana na biyu, mai yiwuwa zaɓin da aka saya a 3 ya koma 4, a sayar a ci riba ba tare da an kai 108 ba. Amma kishiyar haka ta fi faruwa. Hannun jari masara ce, in kasuwa ta ƙi sai a mayar sito a jira. Zaɓi kuwa tumatirin rani ne na fadamun Dapaong: kowace safiya darajarsa raguwa take ko farashi bai motsa ba, kuma a makon ƙarshe lalacewar ta fi sauri. Manoman tumatirin Togo da suka rasa kasuwa lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta a Agustan 2019 sun san mene ne kayan da ba ya jira.

Akwai kuma wani abu da ke yawo a wayoyi da sunan zaɓi, wanda ya kamata a ware shi gefe. Shi ne wanda ake cewa ka canki ko farashi zai hau ko zai sauka nan da minti ɗaya ko biyar. Idan ka ci a ba ka kashi 80 cikin ɗari na abin da ka sa, idan ka faɗi a kwashe duka. A nan ba farashi ake lissafawa ba, yawan ci ake lissafawa. A raba 100 da 180, za a sami kashi 55.6. Wato sai ka ci kusan sau 56 cikin kowane 100 kafin kuɗinka su tsaya yadda suke, a wasan da bai wuce jefa kwabo sama ba, wanda rabi da rabi ne. Hukumar kula da kasuwannin jari ta Tarayyar Turai ta hana sayar wa ƙananan masu zuba jari wannan abu a Yulin 2018. Abin da aka kora daga can shi ne ake tallata wa 'ya'yanmu a Facebook da WhatsApp.

To su wa zaɓi ke yi wa amfani? Masu kaya a hannu, da masu buƙatar kaya dole. A 2005, bayan fari, gwamnatin Malawi ta sayi zaɓin saye na farar masara tan 60,000 daga bankin Standard na Afirka ta Kudu. Ba riba take nema ba. So take ta san mafi tsadar da za ta biya idan yunwa ta matsa, kuma wannan rufin shi ne ƙayyadadden farashi haɗe da kuɗin zaɓi. Farashi ya tashi, ta yi amfani da damarta. Meziko ta shafe shekaru tana sayen zaɓin sayarwa a kan ɗanyen manta, kuma ta karɓi kusan dala biliyan 5 a 2009 da sama da biliyan 6 a 2015 lokacin da mai ya karye. A shekarun da bai karye ba kuɗin zaɓin ya tafi, ba wanda ya kira shi asara, domin inshora aka saya. Haka mai fitar da auduga: a kasuwar Niyok kwantiragi guda fam 50,000 ne, idan ya sayi damar sayarwa a santi 70 da santi 3, ya biya dala 1,500, ya kuma san ba zai karɓi ƙasa da santi 67 ba. Manomin auduga na Savanes bai taɓa ganin wannan allo ba, amma yana ƙarƙashinsa. Kamfanin NSCT, wanda kamfanin Olam ya sayi kashi 51 cikin ɗari nasa a 2020, shi ke sayen audugar Togo a kan farashin da ake sanarwa duk shekara. Wannan farashi kariya ce ga manomi, sai dai ba zaɓi ba ne, tun da ba shi da wani mai saye da zai koma wa idan kasuwar duniya ta yi sama. Lissafinsa shi da kilo yake: a raba bashin taki da maganin feshi da kuɗin ƙwadago da farashin kilo, abin da ya fito shi ne audugar da zai kai ma'auni kafin ko sisi ya zama nasa.

Wanda ba shi da masara, ba shi da mai, ba shi da auduga, sai waya da sefa 200,000 da ya tara, shi ba abin da yake karewa. Hasashe kawai yake saye. Indiya ce ta fi kowa ƙididdige makomar irin waɗannan. Hukumar SEBI mai kula da kasuwar jarin ƙasar ta fitar da bincike a Satumban 2024, wanda ya nuna kashi 93 cikin ɗari na ɗaiɗaikun mutanen da suka yi cinikin zaɓi da danginsa cikin shekaru uku sun tashi da asara, jimillarta ta haura rupi tiriliyan 1.8. Waɗannan mutane ne da ke ciniki a kasuwar ƙasarsu, da kuɗin ƙasarsu, babu canjin dala a tsakani.

Mai son hannun jari a Togo yana da ƙofa mafi kusa. Kasuwar BRVM da ke Abijan, wadda ta fara aiki a 1998, ta ƙasashe takwas ce masu amfani da sefa, kuma kamfanoni biyu masu hedikwata a Lome suna cikinta: Ecobank Transnational, da Oragroup da ya shiga a 2019. A can ma akwai farashin fita, sai dai mai sauƙi ne. Idan ka sayi hannun jari a sefa 2,000, a ce kuɗaɗen dillali da na kasuwa sun kai kashi 1.5 cikin ɗari a shiga, haka a fita, sai ya kai kusan 2,061 kafin kuɗinka su dawo. Ana iya faɗuwa a can sarai, amma babu ranar da za a ce wa'adi ya cika, jarinka ya zama toka.

Saura maganar da ba a tsallake ta a Sokode, garin masallatai da makarantun allo. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa kwantiragin zaɓi kamar yadda ake yin sa a kasuwannin duniya bai halatta ba, domin abin da ake sayarwa ba dukiya ba ne, ba amfani ba ne, ba kuma haƙƙin da ake karɓar kuɗi a kansa ba ne. A shekarar da ta biyo baya, a Brunei, majalisar ta halatta cinikin arbun, wato kafin alƙalami irin na Alhaji, da sharaɗin a yanka wa'adi, kuma kuɗin su shiga cikin farashi idan ciniki ya cika. Wannan ra'ayin Hambaliyya ne tun asali. Mazhabar Malikiyya da akasarinmu ke bi ta fi tsanani: idan ciniki ya warware, a mayar wa mai saye kuɗinsa, riƙe su bai halatta ba. Ga mai lissafi wannan saɓani ba ƙarami ba ne. Idan kuɗin ajiya na dawowa, adadi biyun nan sun haɗe sun zama ɗaya, 22,000, kuma duk haɗarin faɗuwar farashi ya koma kan mai kaya, wanda ya tsare masararsa wata uku a banza. Idan ba sa dawowa, haɗarin ya rabu tsakaninsu. A ganina rabin rigingimun da ke kai 'yan kasuwa gaban sarkin zango daga nan suke tasowa: kowa ya tashi daga wurin ciniki da fahimtarsa, ba wanda ya faɗa a fili saboda kunya. Kuma ko inda lissafi ya ce a fasa, ɗan kasuwar da ya saba barin mutane da kaya zai wayi gari ba mai sallama masa, wannan kuwa asara ce da ba ta shiga ƙa'idar Black da Scholes.

Don haka kira nake ga shugabannin 'yan hatsi da dillalai a Sokode, Dapaong, Mango da Sinkase: duk cinikin da aka ba da kafin alƙalami a rubuta shi, ko da a bayan kwali ne, a gaban shaidu biyu. A sa farashi, da abin da aka ajiye, da ranar ciko, a kuma faɗa ƙarara ko kuɗin na dawowa ko ba sa dawowa, bayan an tambayi malamin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi. Kai kuma ɗan'uwa da aka turo wa tallar ofshin a waya, kafin ka tura ko sisi ka tambayi mai tallar a kan wane farashi, kuma a wace rana, kuɗinka za su fito da sefa. Idan ya fara kewaye-kewaye, ka riƙe abinka.